Kafin Ka Ce Kwamfutar Ta Mutu

A cikin leda 'yar yayana ta kawo min ita, kamar mai shirin miƙa wa 'yan gwangwan. Ƙaramar kwamfutar babanta ce, Asus Eee PC mai fuska inci 10, irin waɗanda suka cika kasuwa daga 2008 zuwa 2010. Ta ce, "Baffa, mai gyara ya ce ta mutu. Ya sa filash sau uku ba ta karɓa ba." Jarrabawar JAMB saura mata wata huɗu, kuma tun 2015 a kan kwamfuta ake rubuta ta. Yarinyar ba ta taɓa zama ta yi minti talatin tana buga rubutu ba.

Ni malamin makaranta ne, ba gyara ce sana'ata ba. Amma na gaji da jin wannan hukunci na "ta mutu" daga bakin wanda ko maɓallin F2 bai danna ba. Abin da nake gani shi ne, mafi yawan waɗannan ƙananan na'urori lafiyarsu ƙalau. Filash ɗin ne ake haɗawa da yaren da ba su sani ba.

Ga yadda abin yake. Su waɗannan kwamfutoci ba su da gidan faifai, don haka filash ne ƙofar da aka fi bi wajen shigar musu da sabuwar babbar manhaja. Mai gyara kuwa filash ɗaya gare shi a aljihu, wanda ya shirya don laftof ɗin zamani. Na'urorin yanzu da tsarin UEFI suke tashi, kuma akan tsara musu filash da fasalin GPT. Tsohuwar tamu BIOS kawai ta sani, MBR take nema. Ka ba ta filash na GPT, sai ta dube shi ta wuce kamar ba ta gan shi ba, ko ta bar ka da baƙin allo da ɗan layi yana ƙyaftawa. A manhajar Rufus, wadda kusan kowane mai gyara yake haɗa filash da ita, sauya wannan zaɓi dannawa ɗaya ce. Ɗaya tak.

Na sauya, na sake haɗawa, ta ƙi. A nan ne na tuna wayon da Asus ya yi mata: akwai abin da ake kira Boot Booster, wanda ke sa ta tsallake duba abin da aka soka mata don ta yi saurin tashi. Sai ka shiga BIOS da F2 ka kashe shi, sannan ka sake kunnawa kana danna Esc har ta nuno maka jerin wuraren da za ta iya tashi daga gare su. Kuma kowace da maɓallinta: HP Mini F9 take so, Acer Aspire One F12. Wani abin haushin, a BIOS na irin wannan Asus ɗin filash yakan ɓuya a cikin jerin manyan ma'ajiyoyi, ba a inda hankali zai kai ka ka neme shi ba. Na ɓata kusan awa guda a nan, ba zan ɓoye ba.

Da ta karɓi filash ɗin, sai ta rubuto wani gajeren saƙo cewa wannan manhaja ta fi ƙarfin injinta. Gaskiyarta. Injin da ke cikinta Intel Atom N270 ne, mai bit 32, ni kuwa ta bit 64 na sauko da ita. Kuskurena ne, kuma shi ne kuskuren da ya fi kashe waɗannan na'urori a bakin mutane, domin masu yin manhaja sun daɗe da juya musu baya. Ubuntu ta daina fitar da ta bit 32 don sabon girkawa tun 2017. Windows 11 ba ta taɓa yi ba. Debian 12 ta 2023 ta yi, amma Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ta janye. Abin da ya rage sai irin su antiX, ƙaramar Linux da aka yi musamman saboda tsofaffin injina. Ita na ɗauko.

Sai kuma filash ɗin kansa. Girkawa ta kai rabi ta tsaya, na sake, ta tsaya a daidai wurin. An rubuta 32GB a jikinsa, amma da na gwada shi da H2testw sai ga shi abin da yake iya riƙewa da gaske bai kai kwata ba. Sauran duk ƙarya ce aka koya masa ya faɗa. Wanda ya sayar min ƙila shi ma haka aka sayar masa. Na lalubo wani tsohon mai 4GB a cikin durowa, shi ya gama aikin.

Na san abin da masu gyara za su ce, kuma ba zan raina shi ba. Wanda ke biyan kuɗin rumfa da na man janareto ba zai kashe yini guda a kan na'urar da kuɗin gyaranta ba zai sayi mudun shinkafa biyu ba. Haka ne. To ka ce min, "Malam, ba ni da lokacinta." Wannan magana ce ta gaskiya, zan ɗauki kayana in yi gaba. Amma "ta mutu" hukunci ne, kuma mai kaya ya yarda da kai ne saboda kai ka sani. Daga bakinka sai bola, a can yara su fasa ta su ƙona wayoyin don jan ƙarfe.

Wasu kuma sukan yi abin da ya fi wannan muni: su tura mata Windows 10 a kan ƙwaƙwalwa 1GB, ta riƙa jan ƙafa kamar jakin da aka ɗora wa buhu uku, mai ita ya tsane ta cikin mako. Ko su mayar mata da Windows XP, wadda Microsoft ta daina toshe wa ɓaraka tun 8 ga Afrilun 2014, sannan mutum ya shiga asusun bankinsa da ita.

Ba zan yi wa kowa alkawarin abin da ba za ta iya ba. Bidiyon YouTube zai riƙa sarƙewa, shafukan intanet na yanzu sun yi mata nauyi, batirin kuma ya riga ya gama yayi, sai an jona. Amma tana buɗe littafi, tana buga wasiƙa, tana koya wa yatsu inda haruffa suke, wayar hannu kuwa ba ta koyar da wannan. Gidan da ba zai iya sayen laftof ba, wannan ya ishe shi rage zafi.

Matsala ta ƙarshe ta ba ni dariya. Na jona ta da intanet, kowane shafi na buɗe sai ta ce ba ta amince da shi ba. Ashe ƙaramin batirin da ke riƙe mata agogo ne ya ƙare, tana can tana zaton har yanzu a shekarun baya muke, shi ya sa take ɗaukar shaidar tsaron shafukan a matsayin ta bogi. Na gyara agogon, komai ya buɗe.

Da 'yar tawa ta dawo bayan la'asar, na nuna mata yadda za ta juya allon bugawa zuwa Hausa, don Linux na da tsarin da ke fitar da ƙ da ɗ da ɓ. Ta zauna tana laluben haruffa da yatsa biyu. Can ta ɗago ta ce, "Baffa, ina alamar tambaya take?"