Ƙarfin Hannu Aro Ne

Kowace shekara in kaka ta yi, aka shigar da gero rumbu, sai a ji kalangu ya tashi a ƙasar Gobir, tun daga Isa har Sabon Birni, samari su ɗaure hannu su fito fagen dambe. Ba mu ƙi wannan ba, gama wasa ne da muka gada. Abin da ya dame mu shi ne yaron da ya yi kisa biyu ko uku, makaɗa suka wasa shi, nan take sai ya jefar da allo da fartanya, yana tsammani ya sami sana'a ta har abada.

To, ga wani labari daga Amurka. Suna da wasan da suke kira besbol, inda mutum ɗaya ke jifan ƙwallo da iyakar ƙarfinsa, wani kuma na jiransa da sanda. A 1976 wani mai jifa, Mark Fidrych, ya shiga babbar ƙungiyar birnin Detroit yana ɗan shekara 21. Ya ci wasa 19 a wannan shekara, ƙasar duka ta ɗauki sunansa. A 1977 kafaɗarsa ta sami rauni. Cikin shekara huɗu da suka biyo bayan 1976 wasa 10 kaɗai ya ƙara ci, daga 1980 kuwa bai sake jifa a babban fage ba. Abin da ya rufa masa asiri shi ne gonarsa da babbar motar da yake tuƙawa.

In haka ta sami wanda ke da likitoci da albashi, ina ga ɗanmu wanda ba shi da kome sai hannunsa? Kowa ya san Shago saboda waƙar Ɗan Anace. Amma wa ya san sunayen waɗanda suka karye a kakarsu ta biyu, suka koma gida ba karatu, ba sana'a?

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta, kada ku kori yaro don yana dambe, kada kuma ku sallame shi ga dambe. Ku riƙe shi har ya iya karatu da lissafi. Hukumomin da ke ba da izinin wasa kuma su sa sharaɗi, a ware wani abu daga kuɗin ƙofa don jinyar wanda ya ji rauni. Makaɗi yakan koma bayan sabon zakara, amma tsohon yana da iyali da za su ci tuwo. Allah ya sa mu gane.