Raddi ga masu cire kalosta da sunan zafin ƙasarmu

Wata fatawa ta zaga garejojin Maradi har ta iso Sae Sabuwa: wai duk motar da aka shigo da ita daga Turai, kafin ta taka yashinmu sai an cire mata kalosta, ɗan bawul ɗin nan mai tsare ruwa tsakanin inji da lagireto. Wani dattijon bakanike da ba na raina hannunsa ya kafa mata hujjoji. Maigida, da girmanka, ban ga wadda ta tsaya da ƙafarta ba.

Ka ce don ƙasar ƙanƙara aka yi shi. To, Hilux da Land Cruiser da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai da shi suke zuwa, kuma bazararsu ba ta gaza tamu ba. A yawancin injinan Toyota yakan fara buɗewa wajen digiri 82, kafin a wuce 95 ya gama buɗewa. Ke nan a tsakar ranar Afrilu, sa'ad da zafi ya haura 40 tsakanin Agye da Gazawa, ƙofar a wangale take. Me cire ta ya ƙara?

Ka ce in babu shi ruwa ya fi gudu. Nan ne ka fi yin nisa da gaskiya. Kalosta da yawa suna da ɗan faifai a gindi, wanda idan bawul ya buɗe yake toshe wata gajerar hanya da ke mayar da ruwa cikin inji. Ka cire kalosta, hanyar ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa kewayawa bai ko leƙa lagireto ba.

Ka ce ai allurar zafi tana kwanciya ƙasa, direba ya samu kwanciyar hankali. Da safiyar hunturu a hanyar Gidan Rumji, haka ne. Amma injin da bai ɗumama ba, kwamfutarsa ƙara masa fetur take yi, rarar ta wanke bangon silinda ta gangara cikin baƙin mai, ringi ya cinye kafin lokacinsa. Mai motar ya dawo maka da hayaƙi, ka ce man bumburutu ne.

Abin da ka tsallake shi ne yadda muke sauya motocin nan. An ƙara sifirin don ta ɗauki buhunan aya da gero fiye da ƙima. An sa manyan tayoyi. An kafa garkuwar ƙarfe da fitilu da allon kirari daidai inda iska za ta shiga. Robar da ke kewaye da fanka ta tsage, yaron gareji ya jefar, fanka ta koma kaɗa iskar gefe. Leƙa cikin lagireton ma: ruwan rijiya ya bar tsatsa da farin gishiri a bututu, baki kuma an toshe shi da leda da tsumma. Murfin kirki mai riƙe matsin bar 0.9 shi ke hana ruwa tafasa sai wajen digiri 120. Da tsumma, a 100 zai yi amai. Masu ɗage bonet ta baya da katako su ma su ji: in mota na gudu, iska ta gindin gilashi ciki take turawa, ta rage wadda ke ratsa lagireto.

Giyabos kuwa ko ambatonsa ba ka yi ba. A mota atomatik, man giya ta cikin tankin lagireto yake bi ya huce. Mota ta shiga yashi da lodi, giya na sulɓi, mai na dahuwa. Wasu kuma da bututun ya yi yoyo sai su haɗe shi a waje, su raba man da masanyayinsa gaba ɗaya. Zaro sandar awo: man da ya bar ja ya koma ruwan ƙasa, yana ƙauri, ya ƙone. Ƙaramin lagireto na musamman ake ƙara masa a gaba, direba kuma ya sauko L ko 2 tun kafin ya faɗa yashi.

Abu ɗaya na ba ka: kalosta yana tsufa ya maƙale a rufe, kuma wannan na iya ƙona gasket. A jeji, cire shi ka kai mota gida. A gareji kuwa, jefa shi cikin tukunyar ruwan da ke tafasa. In ya buɗe baki, laifin ba nasa ba ne, in ya ƙi, a sayo sabo mai lambar digiri ɗaya da tsohon.