Wanda Ya Ga Bala'i Da Idonsa Ba Mahaukaci Ba Ne, Mu Daina Toshe Masa Baki



Rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan ya faru a watan Fabrairun 2021, na Mile 12 a Legas kuma a watan Maris na 2016. An yi jana'iza, an tara gudummawa, kasuwa ta ci gaba da ci. Amma waye a cikinmu ya koma ya tambayi yaron da aka kashe ubangidansa a gabansa ko yana iya barci?

Mun san irin waɗannan mutane. Taya ta fashe a titi, sai jikinsa ya hau rawa. Yana farkawa da ihu tsakar dare. Ya daina bin layin da abin ya faru. Ranar da ya daure ya yi magana, amsa uku muke ba shi: ka cika raki, imaninka ne ya yi rauni, ko kuma aljanu ne. Daga nan sai ya yi shiru, ya nufi mai sayar da tiramadol. Sai mu kuma kira shi ɗan ƙwaya. Wannan zalunci ne, kuma mu ne muke yin sa.

Ciwon sananne ne a likitance, ana ce masa PTSD, wato damuwar da ke biyo bayan mummunan firgici. Ƙwaƙwalwa ce ta kasa ajiye abin a matsayin wanda ya wuce, kullum tana dawo da shi kamar yanzu yake faruwa. Kuma yana da magani. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar hanyoyi biyu: zaman tattaunawa da ƙwararre wanda ake kira CBT, da kuma EMDR, maganin motsa ido. A wannan shawara ta ja kunne kan bai wa wanda bala'i ya afka wa ƙwayoyi irin su baliyam don kwantar masa da hankali.

Na san wani zai ce, motsa ido kuma? Ai wannan tsibbu ne na Turawa. To a saurara. Wata masaniyar halayyar ɗan adam 'yar Amurka, Francine Shapiro, ce ta fara lura da hanyar a 1987, ta wallafa bincikenta a 1989. Ƙwararren zai fara jin tarihinka, ya koya maka yadda za ka natsar da kanka. Sannan ya ce ka riƙe hoton abin a zuciya, kana bin yatsansa da ido hagu da dama na ɗan lokaci kaɗan, ya tsaya ya tambayi abin da ya zo maka, a sake. Matakai takwas ne, a zama da dama. Wasu masana sun ce raba hankali gida biyu ne ke rage wa hoton kaifi. Abin bai goge ba, amma ya daina sarrafa ka. Kana farke, babu turare, babu surkulle. Kuma ba dole sai ka zayyana komai dalla-dalla ba, wanda rahama ce ga 'yar uwar da aka keta wa haddi.

Masu cewa addu'a ta wadatar, in ƙafarku ta karye, addu'a kuke yi ku zauna, ko kuna yi kuna neman mai ɗori? Me ya sa sai ciwon zuciya ne neman maganinsa ya zama rashin tawakkali?

Gargaɗi ɗaya: kada wanda ya kalli bidiyo a YouTube ya ce zai gwada a kan ɗan uwansa. Tono irin wannan miki ba tare da horo ba yana iya dagula lamarin. A je asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, ko Aro a Abeokuta, ko UCH Ibadan, a nemi ganin ƙwararren mai ba da shawara, a tambayi wanda ya samu horon EMDR. Tun Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Gwamnati ta sauya suna, mu har yanzu muna nan a kan "gidan mahaukata".

Sarakunanmu, limamanmu da shugabannin kasuwa, kuɗin da muke tarawa don kai gawa gida, mu ware wani abu daga ciki don mai rai ya ga likita.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.