Harma ba amalanke ba ce

Wani ɗalibina ya fassara kalmar tsohon Girkanci "harma" da amalanke, na soke masa. Ya ce ai a garinsu Bahindi, can ƙasar Bagudo wajen iyakar Benin, duk keken da dabba ke ja amalanke ne. Yana da hujja, amma ma'ana ta zube.

Harma karusa ce marar nauyi, mai ƙafa biyu, dawaki ke janta, a tsaye kuma ake hawanta. Da ita jaruman Homer ke isa fagen fama, sannan su sauka su gwabza a ƙasa. Tseren mai dawaki huɗu ya shiga wasannin Olimfiya a shekarar 680 kafin Miladiyya. Asalin kalmar, abin da aka harhaɗa. Tushensu guda da "harmoniya", wato jituwa.

Keken ɗaukar kaya kuwa "hamaksa" suke kiransa, ƙafarsa huɗu, alfadarai ko shanu ke ja. Shi ne ɗan'uwan wanda ke kwaso shinkafa daga fadamun Bagudo. Mawaƙa sun fi wasa harma, abin hawan manya ne. Amma ranar da tsohon sarkin Troy, Priam, ya je roƙon gawar ɗansa Hector, a keken alfadarai aka dawo da ita gida.