Guzurin Mai Hawan Keke a Duwatsun Atlas

 

Daga cikin ƴaƴanmu da ke karatu ko sana'a a ƙasar Maroko akwai waɗanda suka kamu da son hawan keke a cikin duwatsu. Da an ba da dogon hutu sai su bar Rabat ko Kazablanka su nufi duwatsun Atlas, su yi wata ɗaya ko biyu suna ratsa ƙauyuka a kan keke. Wasu kuma daga gida suke shirin tashi musamman don wannan tafiya. Iyaye na cikin fargaba, yara na cikin ɗoki, mu kuwa muna ganin hani kaɗai ba ya tsare matashin da ya riga ya ƙulla niyya. Abin da zai amfane shi shi ne ya san ƙasar da zai shiga, ya kuma haɗa guzurin da ya dace da ita tun da wuri, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu fara da sanin wurin. Birnin Marakish yana bisa tsayin mita 460 ko kusa da haka daga doron teku. Ƙauyen Imlil, inda masu hawa ke yada zango, yana da nisan kilomita 65 daga birnin, tsayinsa kuma ya haura mita 1,700. Mashigar Tishka, wadda hanyar Marakish zuwa Warzazat ke bi ta cikinta, ta wuce mita 2,200. Dutsen Tubkal, wanda ya fi kowane dutse tsawo a arewacin Afirka, mita 4,167 ne. Don mu gane nauyin waɗannan lambobi, ƙololuwar Bagzan a Ayar, wadda babu kamarta a Nijar, mita 2,022 ce. Ke nan yaron da ya tashi a Yamai ko Marwa zai tuƙa keke a kan hanyar da ta fi duk wani tudun da ya taɓa takawa bisa.

Tsayi yana zuwa da sanyi. A duk mita dubu da mutum ya hau, zafin iska na raguwa da kimanin digiri shida da rabi. Wanda ya bar Marakish da safe cikin riga ɗaya zai tarar da Tishka ta fi birnin sanyi da digiri goma sha ɗaya, ga iska, ga jiki jiƙe da gumi, ga gangara mai tsawo da ba a taka feda balle jiki ya ɗumama. Saboda haka tufafin da za a ɗauka hawa uku ne. Na jikin fata ya zama na ulu ko na yadin da ke bushewa da sauri, domin auduga tana riƙe gumi ta zame wa mai ita ƙanƙara. Na tsakiya rigar sanyi ce marar nauyi. Na waje kuwa riga ce da ke tare ruwa da iska. A haɗa da safar hannu iri biyu, mai kauri da marar kauri, da hular sanyi da za ta shiga ƙarƙashin hular kwano. Wandon keke mai soso guda biyu sun isa, ana wanke ɗaya ana sanye da ɗaya. A ɗora masa wando mai faɗi a bisa, domin mutanen ƙauyukan nan masu kunya ne kamar namu, shiga cikinsu da matsattsen kaya rashin ladabi ne. Lokacin da ya fi dacewa da tafiyar shi ne Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba. Da hunturu dusar ƙanƙara na rufe manyan mashigai, da tsakiyar bazara kuma kwaruruwa na yin zafi ƙwarai.

Sai batun keken kansa. A Marakish akwai masu gyara da masu sayar da kaya, amma a cikin dutse mai keke shi ne bakanikensa. Abin da ya fi muhimmanci a aljihun kayan gyara ɗan ƙarfe ne da bai kai tsawon yatsa ba, wato wanda ke riƙe na'urar sauya giya a jikin keke ta baya. An ƙera shi ne don ya lanƙwashe ko ya karye idan aka faɗi, ya ceci sauran jikin keken, kuma kowane samfurin keke da irin nasa. Wanda bai taho da na canji ba yana iya zaman mako guda yana jiran saƙo. A ɗauki biyu. Bayansa sai takalman birki, aƙalla na canji sau biyu gaba da baya, domin ƙura da doguwar gangara na cinye su da gaggawa. A ɗauki tif biyu ko uku ko da tayar irin wadda ba ta amfani da tif ce, da kayan faci, da famfon hannu, da taya ɗaya mai naɗuwa, da mahaɗin sarƙa wanda ya dace da yawan giyar keken, da man sarƙa, da wayar giya, da sifok uku ko huɗu daidai tsawon na wilin. Makullan gyara kuma a gwada kowanne a kan kowane noti na keken tun a gida. Kayan aikin da mutum bai iya amfani da su ba nauyi ne kawai, don haka muna shawartar matashi ya zauna yini biyu wurin mai gyaran keken unguwarsu, ya kwance ya ɗaura da hannunsa har ya iya.

Wanda zai ɗauki keke a jirgin sama ya nemi kwalin keke daga masu sayarwa, ya cire feda da tayar gaba, ya juya kan keken, ya rage iskar taya, ya naɗe na'urar giya da tsumma. Kamfanonin jirage sun bambanta wajen kuɗi da nauyi. Da yawa na tsayawa a kilo 23, kusan dukkansu kuma ba sa karɓar kaya ɗaya da ya wuce kilo 32, saboda haka a sanar da su tun lokacin sayen tikiti. Makullai da wuƙa suna shiga kayan da ake aunawa. Batirin ajiyar caji kuwa a jakar hannu yake tafiya. Batirin keke mai lantarki jiragen fasinja ba sa ɗaukarsa sam, saboda girmansa ya wuce ƙa'ida. Haka nan kada a yi wahalar ɗaukar ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, domin Maroko ba ta barin a shigo da shi ba tare da izini ba, jami'an kwastan na riƙe shi a filin jirgi. Shi kuma kwalin a ba mai masauki ajiyarsa, ranar komawa za a neme shi.

Yanzu ga abin da muke roƙon iyaye su fi sa wa ido, wato lafiya. Na farko, a yi gwajin jini kafin a tashi. Amosanin jini, wanda ake kira sikila, ya yawaita a cikinmu, kuma mutane da dama na ɗauke da rabin gadonsa ba su sani ba, domin a gida ba ya damunsu. A wuri mai tsayi iskar shaƙa na raguwa, idan aka haɗa da aikin ƙarfi da ƙishirwa, mai rabin gado na iya samun toshewar jini a saifa, da ciwo mai tsanani a hagun ciki. Wanda gwaji ya nuna yana da shi ya ga likita kafin ya yanke shawara. Mai cikakken ciwon kuwa wannan tafiya ba tasa ba ce.

Na biyu, zazzaɓin cizon sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a shekarar 2010 cewa Maroko ta rabu da wannan cuta. Wannan abin farin ciki ne gare su, amma ga wanda ya taso daga ƙasashenmu da ƙwayar cutar a jininsa akwai haɗari, domin ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye ba lalle ne tunaninsa ya kai ga cutar da ba ya gani ba. Duk wanda zazzaɓi ya kama bayan isarsa ya faɗa da bakinsa daga inda ya fito, ya nemi a gwada jininsa. Ya kuma tambayi likitansa na gida maganin da ya kamata ya riƙe.

Na uku, ciwon tsayi, wanda kan fara daga mita 2,500 da ciwon kai, tashin zuciya da rashin barci. Ƙarfin ƙuruciya ba ya kare mutum daga gare shi. Maganinsa hawa sannu a hankali, da kwana biyu ko uku a wuri irin Imlil kafin a ƙara gaba, idan kuma ya tsananta a sauko nan take. A jakar magani a sa bandeji, da maganin wanke rauni, da gishirin gudawa, da ƙwayoyin tsarkake ruwa, da man kare fata da leɓe daga rana, domin zafin hasken rana na ƙaruwa da tsayi kuma baƙar fata ma tana ƙonewa. A sabunta allurar tetanus. Akwai ciwon haukan kare a ƙasar, karnukan makiyaya kuma na bin keke. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti goma sha biyar, sannan ya nemi allura a ranar.

Takardu su ma guzuri ne. Ƴan wasu ƙasashenmu na shiga Maroko ba biza, wasu kuma sai da ita, kuma dokokin na sauyawa, don haka a tambayi ofishin jakadanci. Zaman baƙo ba ya wuce kwana 90 sai da takardar zama. A yi inshorar da ta ambaci hawan keke a dutse da ɗauko wanda ya ji rauni, a karanta sharuɗɗanta. A riƙe dirhami a hannu, ƙananan takardu da tsaba, domin ƙauye bai san kati ba. A rubuta lambobin gaggawa a takarda: 15 ta motar asibiti, 19 ta ƴan sanda a birni, 177 ta jandarma a karkara. A sauke taswira cikin waya don wuraren da ba sabis, a riƙe ta takarda kuma. Sai dai a tuna girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023, wadda ta halaka mutane kusan dubu uku a wannan yanki, ta rushe ƙauyuka da tsohon masallacin Tinmel. Littafin jagora da aka buga kafin wannan rana na iya nuna masaukin da babu shi, saboda haka tambayar mutanen gari ta fi dogaro da littafi. Mai son hawa Tubkal da ƙafa kuma sai da ɗan jagora mai izini, ƙa'idar da aka tsananta bayan kisan wasu baƙi biyu kusa da Imlil a ƙarshen 2018.

Ga mai kwana a daji, jakar barci mai ɗumi da tocila ta goshi wajibi ne. Kada a kafa tanti a cikin busasshen kori komai kyan yashinsa. Mutanen Agadas sun san wannan, ruwan da ya sauka a kan dutse mai nisa na isowa ba tare da hadari a bisa kai ba. A watan Agusta na 1995 irin wannan ambaliya ta ci mutane fiye da ɗari a kwarin Urika.

Ƙaramar darduma ba ta da nauyi, kuma matafiyi zai sami sauƙi, domin mutanen ƙasar Malikawa ne masu karatun Warshu kamar yadda muka tashi muka tarar. Ya tuna cewa idan ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari, hukuncin ƙasaru ya ɗauke. Ya koyi gaisuwa da godiya da Tashelhit, harshen mutanen wannan ɓangare na duwatsun. Ya riƙe ɗan shayi da sukari don gidan da ya sauke shi, kada kuma ya ɗauki hoton kowa, musamman mata, sai da izini.

Kafin ranar tashi, a ɗaure dukkan kayan nan a kan keke, masu nauyi a ƙasa da tsakiya, a yi tafiyar yini guda da su a gida. Abin da ya yi yawa zai bayyana, abin da aka manta ma haka. Kada mutum ya shiga dutse shi kaɗai, kuma kowace safiya ya gaya wa mai masauki inda ya nufa da lokacin da yake sa ran isa. Ga iyaye kuma, a bar wa gida kwafin fasfo da jerin garuruwan da za a bi, a yi alkawarin ranakun kira, a cika su.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya. Sai mun sadu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda. Wassalam.