Soron Kaka da Baƙon Kasuwa: Abin da Fas Ta Riga Funtua Ganewa

Mutumin Funtua ko Malumfashi da Allah ya nufa da ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a birnin Fas na ƙasar Maroko, inda Shehun ya rasu a shekarar 1815, yakan dawo da labarin masaukinsa kusan daidai da labarin ziyarar. Za a bi da shi ta lungunan da mota ba ta shiga, sai jaki da alfadari, a tsaya gaban wata ƙofa a jikin doguwar katanga wadda ba ta nuna alamar komai. Da an buɗe sai ga tsakar gida a share, da itatuwan lemo, da ruwa yana ɓulɓula a tsakiya, ɗakuna kewaye kowanne yana duban ciki. A nan zai kwana, ya sha shayin na'ana'a, ya biya kuɗi masu kauri yana murna. Shi ne kuma zai komo gida ya sa hannu a rushe soron kakansa, a zuba shagunan bulo da rufin kwano.

Irin wannan masauki shi Marokawa ke kira riyad, kalmar Larabci mai nufin lambuna. Asalinsa gidan zaman iyali ne na attajirai da malamai. Da masu hali suka riƙa ƙaura zuwa sababbin unguwanni a ƙarni na 20, gidajen suka fara lalacewa, wasu har suka rufta. Hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin Fas cikin kayan tarihin duniya a 1981, na Marakish kuma a 1985, amma takardar yabo ba ta gyara rufi. Abin da ya ceci da yawa daga cikinsu shi ne mayar da su masaukin baƙi, musamman daga shekarun 1990. Kuɗin kwana ya zama kuɗin gyara, magina da masassaƙa da masu adon bango suka sake samun abin yi.

Ba a banza gidan ya kwanta wa Bahaushe a rai ba, domin ɗan'uwan nasa ne. Wani masanin zanen gine-gine, Friedrich Schwerdtfeger, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya wallafa littafi a 1982 inda ya gwama gidajen gargajiya na Zariya da na Ibadan da na Marakish. Gidan Zariya da na Marakish duka sun juya wa titi baya, sun rufa asirin iyali, sun tattara rayuwa a tsakar gida. Ƙofar shiga ma ba ta barin idon mai wucewa ya zarce ciki, kamar dai yadda ƙofofin zaure da shigifa ba sa kallon juna.

Akwai kuma hujjar kimiyya, wadda ita ce ta fi ƙarfi. A watan Afrilu zafi a kudancin Jihar Katsina yakan doshi digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Kwano siriri ne, kuma ƙarfe ba ya riƙe zafi ya jira. Da rana ta doke shi sai ya miƙa wa ɗaki nan take. Bulon siminti mai rami a ciki shi ma ba shi da jikin da zai tare zafi na dogon lokaci. Bangon tubali kuwa, wanda kaurinsa daga gindi kan wuce rabin mita, yana shan zafin rana a hankali, zafin yana ratsa shi sannu-sannu, ba ya isa cikin ɗaki sai bayan sa'o'i masu yawa, lokacin da rana ta faɗi, gari ya fara hucewa. Cikin dare bangon ya amayar da abin da ya sha, ya wayi gari da sanyi. Da hunturu lissafin ya juya, ɗumin yini ya zama bargon dare. Rufin azara da ƙasa haka yake aiki. Tsakar gida ita ma tana da nata: iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, saboda haka sanyin dare yakan kwanta a cikinta kamar ruwa a ƙwarya, inuwar bishiya da yayyafin ruwa su riƙe shi har hantsi. Duk wannan ba da fanka ba, ba da janareta ba, a ƙasar da wutar lantarki ke zuwa kamar baƙuwa.

Mai karatu zai ce Funtua ba Fas ba ce, wane Bature ne zai biyo hanya ya zo kwana? Gaskiya ne, kuma matsalar 'yan bindiga da ta addabi yankin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, inda aka sace ɗaliban sakandare sama da 300 a Disambar 2020, ta ƙara nesanta wannan fata. Sai dai ba Bature ne kaɗai baƙo ba. Tun lokacin da layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa Funtua a shekarun 1920, garin ya zama matattarar auduga, yankin bai rabu da baƙi ba. Da kaka fatake kan zo kasuwannin Ɗandume da Bakori da Funtua sayen masara da dawa da waken suya. Malaman gona kan fito daga Samaru duba gwaje-gwajen iri. Ga 'yan biki, ga masu zuwa gaisuwar rasuwa, ga ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki bai sami haya ba tukuna. Mafi yawansu suna ƙarewa a ɗakin otal mai rufin kwano, suna biyan kuɗin man janareta don su iya runtsawa.

Saukar da irin waɗannan mutane ba sabuwar sana'a ba ce a ƙasar Hausa. Fatoma aikinsa ke nan tun zamanin ayari: ya ba falke ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya ci la'ada. Hausawan Sabo a Ibadan da wannan tsari suka riƙe cinikin shanu da goro. Abin da Marokawa suka ƙara a kai bai wuce tsabta da ruwan famfo da makewayi na zamani da farashi sananne ba.

Wahalar da ba a iya kauce mata ita ce ruwa. Funtua takan sami kusan milimita 1,000 a shekara, fiye da Birnin Katsina, fiye da Fas nesa ba kusa ba, kuma ƙasa ba ta wasa da danshi. Amma magina sun san maganin abin tun da daɗewa. Makuba, wadda ake jiƙowa daga ɓawon ɗorawa, tana sa yaɓe ya ture ruwa. Indararo yana jefa ruwan rufi nesa da gindin bango. Azarar giginya gara ba ta cinta da sauƙi. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a ƙarni na 19, shaida ne kan abin da ƙasa da azara ke iya ɗauka, haka ma Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano. A yau ana iya ƙara harsashin dutse da siminti don hana danshi hawa. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a shafe bangon ƙasa da siminti a ce an huta, domin siminti yana kulle danshi a ciki, daga bisani ya ɓamɓaro da ƙasar a jikinsa. Soro yana son yaɓe a kai a kai, yaɓe yana son kuɗi, gidan da magada goma suka gada ba wanda ke kwana cikinsa kuwa ba mai fitar da ko sisi. Kuɗin baƙo shi ne zai toshe wannan kafa.

Ba kome na Maroko ne abin koyi ba. A Marakish baƙi masu kuɗi, yawancinsu daga Turai, sun saye gidaje da dama, farashi ya tashi, 'yan asalin unguwa suka koma gefen gari, har wani lungun ya zama na masu yawon buɗe ido zalla. Gidan Bahaushe bai buƙatar haka. Tsakanin zaure da shigifa akwai ƙofar gida, filin da tun asali aka tanada don ɗakunan samari da baƙi. Baƙo yana iya kwana a nan, a fito masa da koko da ƙosai da safe, ba tare da ya taka cikin gida ba, iyali kuma ba su gusa ko'ina ba. A Fas ma an sami iyalan da suka zaɓi wannan hanya, suna saukar da baƙo suna zaune a gidansu.

Abin da ya fi gaggawa shi ne magina. A tsofaffin garuruwa irin su Maska da Malumfashi, waɗanda suka iya ɗaurin guga da ɗora azara tsufa suke yi, 'ya'yansu sun koma buga bulo saboda nan aiki yake. Ya kamata sassan nazarin gine-gine na Zariya da Kano da Katsina su tura ɗalibai su auna waɗannan soraye, su ajiye ma'aunin zafi a cikinsu da cikin ɗakin kwano na maƙwabta tsawon bazara guda, su buga sakamakon da Hausa. Hakimai da ƙananan hukumomi kuma su nemi gida ɗaya tak kusa da kasuwa, su sasanta da magadansa, a kira tsohon magini da yaransa a gyara shi kafin ruwan Mayu ya sauka.