Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

A hutun da ya wuce na je gida Aujara, sai kawuna ya aika a kira ni ofishin wata ƙungiyar manoma da yake yi wa sakatare, wai tun da ni ɗan jami'a ne in zo in duba musu kwamfuta. Na ce, "Kawu, ai ni Hausa nake karantawa." Ya ce, "Yaro, ai duk boko ne." To, na tafi.

Abin da na tarar shi ya sa na ɗauki alƙalami. Kwamfutoci uku ne a ɗakin, duk 'yan gwanjo, kowacce an zuba mata Windows na sata, irin wanda masu gyara ke yawo da shi a filashi. A kusurwar allo ga wani rubutun Turanci yana neman a biya kuɗin lasisi, su kuwa sun saba da shi kamar tabon bango. Wasiƙun ƙungiya na shekara da shekaru suna cikin akwatin imel na wani akawu, na ƙashin kansa, shi kuwa ya sami aiki a Dutse ya tafi da kalmar sirri a cikin kansa. Mai gyara kuma ya gaya musu su sayi sababbin inji, domin kamfanin Microsoft ya janye kulawarsa daga Windows 10 tun ran 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa ba ya karɓar tsofaffin kwamfutoci irin nasu. Da wane kuɗi? Da kuɗin takin manoma?

Na kira wani abokina mai karatun kimiyyar kwamfuta, muka ɗora wa inji guda Linux Mint, da LibreOffice don rubutu da lissafi, da Thunderbird don wasiƙu. Waɗannan su ake kira buɗaɗɗun manhajoji, watau waɗanda aka bayyana yadda aka ƙera su, aka kuma yarje wa kowa ya ɗauka, ya gyara, ya ba maƙwabcinsa, ba tare da ya zama ɓarawo ba. Muka buɗe adireshi da sunan ƙungiya, aka ba shugabanni uku kalmar sirri. Thunderbird na ajiye kwafin wasiƙu a cikin injin, saboda haka ko ranar da babu intanet kawu na iya karanta abin da ya riga ya iso.

Da na dawo makaranta na ba da labari, sai ga masu ja. Wani ya ce araha ba ta ado. Haba malam! Kayan sata ne ke ado? Kai da kake haddar hukuncin ɗaukar abin wani, kullum kana rubuta jingarka da manhajar da ba ka biya ba, ba kuwa da yardar mai ita ba, sa'an nan ka zo kana raina halal don an ba da ita kyauta? Wayar Android da ke aljihunka ma a kan Linux aka gina ta, ban taɓa jin ka kira ta araha ba.

Wani kuma, wanda ya fi shi karatu, ya jefo mini birnin Munik na Jamus. Gaskiya ne, majalisar birnin ta yanke shawarar komawa Linux a 2003, ta sauya kwamfutoci wajen 15,000, amma a 2017 ta zaɓi ta koma Windows. Na yarda. Amma me ya hana shi ƙarasa labarin? A Jamus ɗin nan dai, jihar Schleswig-Holstein ta ba da sanarwa a 2024 cewa za ta mai da kwamfutoci 30,000 kan LibreOffice da Linux, kafin ƙarshen 2025 kuwa ta kwashe akwatunan imel fiye da 40,000 daga hannun Microsoft. In masu kuɗi suna ƙin zama 'yan haya a cikin takardunsu, ina ga mu? Kuma ba na ɓoye cewa mun sha wuya. Injin buga takarda sai da ya ci mana kwana biyu, wasu tsofaffin takardu kuma jadawalinsu ya karkace, sai da muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ban kuma ce a kafa injin rarraba wasiƙu a Aujara ba. Wanda ya san halin wutar lantarkinmu ba zai faɗi haka ba.

To, ina ruwan ɗalibin Hausa? Ruwansa ya fi na kowa. A cikin rahoton taron ƙungiyar nan na ga an rubuta wai an kashe naira dubu goma a kan baki, alhali baƙi ake nufi, don kawai akawu bai san inda zai sami ƙ ba. A Linux akwai tsarin maɓallan Hausa a shirye, da ɓ da ɗ da ƙ, muka kunna shi cikin minti biyu, kawu ya rubuta sunan Ɗanladi daidai, ya yi ta kallonsa yana murmushi.

Na san Microsoft ta taɓa fitar da Windows da Hausa, an gode. Sai dai wannan alheri ne na mai gida, ran da ya ga dama ya ci gaba, ran da ya ga dama ya bari, ba ka da ta cewa. LibreOffice kuwa 'yan sa kai ne ke fassara shi zuwa harsunansu, ƙofar kuma a buɗe take. Mu ne kowace shekara a Makon Hausa muke sa babbar riga, mu yi ta kukan cewa Turanci ya danne harshenmu, mu ci tuwo, mu watse. Jihar nan tamu tun zamanin Gwamna Saminu Turaki take alfahari da cibiyar koyon kwamfuta ta Kazaure, amma har yau kawuna haddace wurin da zai danna yake yi, don bai san abin da kalmar ke cewa ba. Wannan ba laifin Bature ba ne, kuma malamanmu, da girmanku, ku ma ban cire ku ba: kalmomin da ake ƙirƙira a tarurruka ana binne su cikin takardu, ga inda za a sa su su yi aiki.

Na liƙa takarda a allon sanarwa na Sashe. Duk mai son mu soma da kalmomi ɗari na farko ya rubuta sunansa, mu haɗu ran Alhamis bayan la'asar. Wanda ke da kwamfuta ya zo da ita, da cajinta.